Langa Mai Tabo

Ranar da labarin ya zo wa Suweiba, langar tana nan. Wannan ba ta shakka a kansa, domin a hannunta take lokacin da waya ta yi ƙara. Talata ce, bayan azahar, ta sauko da ita daga kabad za ta ɗauraye saboda tuwon dare. Mukhtari ne ya kira, abokin sana'ar mijinta.

Ya ce, "Hajiya, kina zaune?"

Ta ce tana tsaye. Ya ce ta zauna. Ba ta zauna ba. Ya ce Harouna ya sunkuya zai ɗaga wani tsohon rediyo a shago, bai ɗago ba. Motar asibiti ta zo, amma sun ce tun kafin su iso rai ya yi halinsa.

Ta yi salati. Sannan ta goge langar da gefen zaninta, ta mayar da ita cikin jere, ta kulle kabad, ta ajiye makulli inda ake ajiye shi. Ba ta yi kuka ba. Daga baya mata suka yi ta cewa ƙarfin imani ne. Ita dai ta san ba ta jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Kwana bakwai gidansu da ke hawa na huɗu a Highbridge, wata unguwa a Bronx ta Amurka, bai rabu da mutane ba. Mata a falo, maza a ƙasa da masallaci, takalma har kan bene. Rana ta takwas kowa ya koma aikinsa. Da yamma ta yi, hannunta ya tafi da kansa ya ɗauko makulli, kamar akwai wanda za a zuba wa abinci. Ta buɗe kabad ta tsaya.

Langar ba ta nan.

Harouna mutumin Maraɗi ne, ita 'yar Kano. Shekara ashirin da huɗu suna tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Sana'arsa tsofaffin kaya: fitilun ƙwai, agogon bango, kekunan ɗinki, akwatunan ƙarfe, kwanukan da iyayenmu suka gaji da su suka zubar. Yana da ɗan shago shi da Mukhtari, ran Lahadi kuma su kai kaya kasuwar tsofaffin kaya a Brooklyn. Falon gidan ma kamar shagon yake. Abu zai kwana wata guda a kan teburi yana yi musu ado, sannan a kai shi shago a kawo wani. Abin da ba ya fita shi ne jeren da ke cikin kabad mai gilashi, kwanukan aurenta da waɗanda ya tsinto mata a hankali, layi uku, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

Langar tana layin tsakiya, ta uku daga ƙasa. Fara ce mai jan fure, da baƙin tabo kamar faɗin babban yatsa a gefen baki, inda fentin ya ɓantare. Mahaifiyar Harouna ce ta ba ta ranar da za ta taho Amurka, ta ce, "A nan ya saba ci. Ki riƙa zuba masa a nan." Tun daga ranar bai ci tuwo a wani kwano ba.

Suweiba ba ta yi ihu ba. Ta jawo kujera ta zauna a gaban kabad tana kallo, har aka kira magariba a wayarta. Abu uku ta gani. Ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle ƙofa ba, da makulli aka buɗe. An ɗauko wani ɗan kwano daga ƙasan kabad an ɗora a saman layin tsakiya, don tsayinsa ya yi daidai da sauran. Na ukun ya fi daɗewa kafin ta gane shi. Jeren ya yi kyau, ya yi kyau fiye da yadda ta bar shi. Babu tabo ko ɗaya da yake kallonta. Duk kwanukan layin tsakiya an juya tabonsu bango.

Makullin yana zama a cikin wani tsohon dutsen guga na gawayi da ke saman kabad, a ɗaga murfinsa a jefa. Bayan ita da marigayi, mutum uku ne suka san haka. Mukhtari, wanda ya kawo kabad ɗin a motarsa. Firdaoussi, ƙanwar Harouna, wadda ta zauna da su shekara biyu farkon zuwanta kafin ta yi aure ta koma unguwar Park Hill, can tsallaken ruwa. Sai Hakeem, wani ɗan Zangon Kumasi mai irin sana'ar, wanda Harouna ya taɓa buɗe masa kabad don ya gani, ya kuma yi ta naci a sayar masa da jeren.

Tana takaba, ba fita za ta yi ba. Sai dai su su zo.

Firdaoussi ta fara kira a waya, don ita ce ta gida. Ta ce mata langar Inna ta ɓata.

Sannan Firdaoussi ta ce, "Subhanallahi. Yaya, kin duba da kyau? Mutane sun yi yawa hwa. Kuma masu saida tsohon kaya, kin san idonsu. Abin da suka gani, sun ga kuɗi."

"Wa kike nufi?"

"Ni ban kama sunan kowa ba."

Ba ta kama ba, amma kafin Juma'a magana ta zaga. Maƙwabciyarta ta hawa na uku ta shigo da kunu ta ce ai ana ta faɗa, wai Malam Mukhtari tun ba a yi arba'in ba ya fara kwashe kayan marigayi. Suweiba ta karɓi kunun ta yi godiya. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

Hakeem ya zo ran Asabar da safe. Ta bar ƙofar falo a buɗe, ta zauna nesa cikin hijabinta. Hausarsa ta Zango ce, mace ma "ka" yake ce mata.

"Hajia, ya haƙuri?"

"Da godiya. Ka shigo falon nan lokacin zaman makoki?"

"Ranar uku na hawo na gaishe ka daga bakin ƙofa. Mata sun cika, ina zan sa ƙafa?"

"Ka san inda makullin kabad yake."

"Na sani. Cikin dutsen guga." Ya dube ta. "An ɗauki wani abu ne?"

Ta nuna masa da hannu. Ya matso ya leƙa ta gilashi, ya ɗan jima, ta sake nuna masa, sannan ya yi wata gajeriyar dariya ya kama bakinsa.

"Ka yi haƙuri, Hajia, ba dariya ba ce. Wace aka ɗauka? Farar nan mai jan fure?"

"Ita."

"To wannan ɓarawo bai san aiki ba. Ka ga shuɗayen nan biyu na ƙasa? Su nake bin Alhaji Harouna shekara uku ya sayar mini, yana ce mini sai dai in auri kabad ɗin. Farar nan, irinta goma zan kawo maka ran Lahadi. Duk kabad ɗin nan ita ce ba ta da kasuwa. Wanda ya buɗe nan ya bar shuɗayen ya ɗauki wannan, wallahi ba ɗan sana'armu ba ne."

"Ko kuma yana so a ce haka."

"Ko kuma haka," in ji shi, bai ji haushi ba. "Amma ni in zan shiga wuta, ba a kan wannan langa ba."

Da ya tafi ta rubuta sunansa a ranta ta goge. Ba don rantsuwarsa ba. Don tun da ya matso kabad idonsa bai bar shuɗayen ba, sai da ta nuna masa sau biyu kafin ya ga inda babu.

Mukhtari ya zo ran Litinin bayan la'asar, da makullan shago a hannu. Ya rame. Bai zauna ba, ya ajiye su a kan teburi.

"Hajiya, ga su. Na ji abin da ake faɗa. Jiya a masallaci wani ya matsa da na tsaya kusa da shi. Shekara goma sha shida ina tare da Alhaji, ko allura..."

"Ban aiko a karɓi makulli ba, Malam Mukhtari. Zauna."

Ya zauna a bakin kujera.

"Ka shigo falon nan?"

"Na shigo. Ranar farko ni na kawo kujeru, ranar bakwai ni na kwashe. Ni kaɗai ne a nan wajen minti goma, kuna ɗaki ana addu'a. Ba zan ɓoye ba."

"Ka taɓa kabad?"

"A'a."

Ta tashi ta shiga kicin ta fito da kwanuka uku tsofaffi, cikin waɗanda Harouna ya kawo bai kai ga kai su shago ba. Kowane da tabonsa. Ta ajiye a gabansa.

"Waɗannan sun tare mini wuri. Ɗora mini su a kan kantar can, yadda za su yi kyau."

Ya dube ta kamar bai gane ba, amma ya tashi. Ya sa babban a baya, ya jingina murfinsa a jikinsa, ya kawo ƙananan biyu gaba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya matsowa. Sannan, ba tare da ya ko duba ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana juyawa, har tabon kowane ya fuskanci ƙofa. Ya ja da baya taku biyu ya karkata kai, daidai yadda Harouna yake yi.

Suweiba ta kawar da ido.

Ta tuna shekarar farko da ta yi jere a gidan nan. Ta wanke kwanukan da soson ƙarfe har suna ƙyalli, ta juya duk wani tabo bango, yadda gwaggonta ta koya mata a Kano, domin a ɗakin mace tabo abin kunya ne, baƙo bai kamata ya gani ba. Harouna ya dawo ya kama kai. Ya ce, "Hajiya, kin kankare kuɗin! Nan ƙasar tsufan ake saye. Tabon nan shi ne shaidar an ci abinci a ciki." Ta ce Turawa dai ba su da lafiya. Ya yi dariya har da tari. Ya bi jeren yana juyawa, tana bin bayansa tana mayarwa. Sun fi shekara suna wannan kafin ta bar masa, daga baya ma idonta ya saba, har in ta ga tabo a ɓoye sai ta ji kamar an juya wa mutum baya.

Ta ce, "Ɗauki makullanka, Malam Mukhtari. Ka buɗe shago gobe."

"Hajiya, maganar mutane fa?"

"Wanda ya fara ta shi zai janye ta."

Firdaoussi ta zo ran Laraba. Tafiya ce mai nisa, bas zuwa tashar jirgin ruwa ta St. George, jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa har Bronx, ta iso da rana tsaka da kular dambu a hannu. Ta rungume Suweiba ta yi kuka. Suweiba ta tsaya har ta gama.

Suka ci dambun, ko dai Firdaoussi ta ci. Sannan Suweiba ta ce bayanta yana ciwo, ga ƙura ta hau kwanuka ukun nan da ke bisa kantar, ko za ta goge mata. Firdaoussi ta tashi da sauri, kamar ta ji daɗin samun abin yi. Ta sauko da su ta goge ciki da waje. Ta ɗora babban, ta kife murfinsa, ta ɗora na biyu a kai, ta ɗora na uku, jere sosai irin na ɗakin amarya. Sannan ta bi su tana juyawa har tabon kowane ya koma bango.

"Haka ya hi kyau," in ji ta.

"Haka aka yi wa na cikin kabad."

Firdaoussi ba ta juyo ba. Tsumman yana hannunta.

Suweiba ta ce, "Zo ki zauna, Firdaoussi. Ba faɗa zan yi ba, ba ni da ƙarfinsa."

Ta zo ta zauna a ƙasa, kusa da ƙafarta.

"Mutum uku suka san makulli. Hakeem da ya buɗe, shuɗayen zai ɗauka. Malam Mukhtari da ya mayar da jere, tabo waje zai juya, hannunsa ba ya iya wani abu daban, na gwada shi. Wanda ya taɓa kabad ɗin nan mace ce da aka koya wa jere a gida, ba ta taɓa tsayawa a shago ba. Ta cike gurbin da ɗan kwano don kada layi ya gurgunce, namiji ba zai damu da wannan ba. Kuma duk matan da suka cika falon nan, wace ce za ta tsallake masu kyau ta ɗauki tsohuwar langa mai tabo? Sai wadda ta san ta wace ce."

"Yaya..."

"Miƙo hannunki."

Ta miƙo. Lalle ne a yatsunta, ja ya fara koɗewa. A gefen farcen babban yatsa, can cikin lungu inda sabulu ba ya kai wa, akwai ɗan farin abu da ya bushe.

"Ke ba kya sa jan farce, kina salla. Wannan farin na mene ne?"

Firdaoussi ta janye hannun ta sa a cinya. Sannan ta jawo babbar jakarta, ta zuge, ta fito da wani abu naɗe a cikin ɗankwali.

"Kullum tana cikin jakata," in ji ta. "Sau biyu ina zuwa da ita in maido, in kasa."

Suweiba ta kwance ɗankwalin. Langar ce. An wanke ta da soson ƙarfe har jan furen ya dusashe. Inda tabon yake an shafe shi da farin fenti, an yi masa hawa biyu ko uku, ya yi tudu, farinsa bai dace da farin langar ba.

Ta sa yatsa a wurin. Nan ne babban yatsan Harouna yake zama in ya jawo kwanon gabansa. Ta jira ta ji wani abu. Ba ta ji ba, sai sanyin ƙarfe.

"Sayarwa za ki yi?"

"Wallahi a'a! In saida kwanon Inna?" Hawaye suka zubo mata. "Ranar ukku ne, kuna ɗaki. Na ga langar ta gilashi, na ce Inna ta tahi, Yaya Harouna ya tahi, ba ɗa ba jika. Gobe ke ma ki koma Kano ko ki yi wani aure, ta tahi gidan da ba a san mu ba. Ni mi ya rage mini? Ban yi tunani ba, hannuna ne ya ɗauka."

"Fentin fa?"

Firdaoussi ta share hanci da bakin mayafi. "Ni na fasa ta. Ina 'yar shekara shida, na ɗauko ta da hura a ciki, ta suɓuce ta bugi turmi. Inna ta fito da muciya. Yaya Harouna ya ce shi ne. Shi aka buga, ina tsaye ina kallo, ban ce komi ba. Duk zuwan da nake gidan nan sai in tarar an juyo tabon yana kallona. Na ce bari dai in gyara abin da na ɓata."

Sau da yawa Suweiba ta tambayi Harouna labarin tabon, kullum abu ɗaya yake cewa, shi ya yar da ita yana yaro, ya sha duka. Shekara ashirin da huɗu bai canja ba.

"Ni ma haka ya gaya mini," ta ce. "Shi ne."

Firdaoussi ta kifa kai a gwiwar Suweiba ta yi kuka mai sauti. Suweiba ta ɗora hannu a kanta, tana kallon agogon bangon da ya tsaya tun ranar Talatar, don Harouna ne mai murɗa shi kullum.

Da kukan ya lafa ta ce, "Da kin tambaye ni, ban san me zan ce ba. Wataƙila in ba ki. Yanzu ba zan ba ki ba. Tana nan har in mutu, ran nan ki zo ki ɗauka, zan faɗa a gaban shaidu. Ba Kano za ni ba, ba aure zan yi ba."

"Na gode, Yaya. Ki yahe mini."

"Ni mai sauƙi ce. Akwai wanda aka ƙaurace masa a sahun salla saboda bakinki. Gobe ki je shago ki gaya wa Malam Mukhtari da kanki. Sannan duk wadda kika gaya wa waccan maganar, ki koma ki gaya mata wannan."

"Yaya, kunya za ta kashe ni."

"Ba ta kisa. Da tana yi, da shi ya riga ki."

Firdaoussi ta je. Mukhtari ya kira da yamma ya ce ya yafe, ya kuma ce akwai wani ruwa a shago da yake cire fenti cikin minti biyar, ba ya taɓa na asali, zai kawo. Suweiba ta ce ya bar shi.

Takaba ta ƙare farkon sanyi. Yanzu takan je shago ran Asabar ta tsara musu taga, dogo a baya, gajere a gaba, abu uku uku, ba ta wanke komai da soson ƙarfe. Firdaoussi tana zuwa wasu Juma'o'in, su ci tuwo, ba sa tada maganar. Har yau mata suna cewa Suweiba tana da ƙarfin imani.

Kullum bayan la'asar takan ɗaga murfin dutsen guga ta ɗauko makulli. Ta sauko da langar ta zauna da ita a cinya, ta sa farcen babban yatsa ta kankare farin fentin kaɗan, kamar ƙwayar gero, ba ta wuce haka. Baƙin ya fara fitowa ta gefe ɗaya. Sai ta goge ta da gefen zaninta, ta mayar layin tsakiya, ta uku daga ƙasa, ta juya tabon ya kalli ƙofa.